Na biya dubu biyar an buɗe min cikin IBM ta 1983 a Sakkwato, ga abin da na gani

Masu gyaran waya da laftof na cikin garin Sakkwato, musamman yaran da sunka fara koyo kwanan nan, da ku nike wagga magana. Akwai wani dattijo mai shagon gyaran kwamfuta a wani lungu da ke fita titin Emir Yahaya, kowa a layin Baba yake ce mai, to ranar Asabar bayan la'asar yakan tara mutum kaɗan ya aza wata tsohuwar kwamfuta IBM XT bisa tebur ya kwance ta, ya bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya yana bayani, dubu biyar yake karɓa kan kowane mutum a zama guda. Na je na zauna na gani da idona, kuma a wurina kuɗin sun halatta, amma akwai abubuwan da ba su yi min ba kuma zan faɗe su yadda suke don kar wani ya ɗauki kabu-kabu tun daga Arkilla ko Mabera ya zo ya ce ban gaya mai ba.

Ni gyaran waya nike yi, kuma duk wanda ke wagga sana'a ya san halin da muke ciki, waya ta zo ba ta kawo wuta, ka buɗe fanel, ka sa mita, ka zargi aisi (ƙananan baƙaƙen kayan da ke bisa fanel) na caji ko na fawa, ka sa buluwa ka ɗaga shi ka aza wani, in ta tashi alhamdu lillahi in ba ta tashi ba ka ce wa mai ita fanel ya mutu. Da yawanmu haka munka koya kuma haka muke koyar da yaranmu. Amma ka tsayar da mutum ka tambaye shi mi ke faruwa tsakanin lokacin da anka danna madanni da lokacin da hoto ya fito a sikirin, sai ka ji shiru, kuma ba laifinsa ba ne, don a waya komai an cure shi cikin baƙin aisi guda wanda ƙafafunsa ma suna ƙarƙashinsa ba ka ganinsu. Abin da ya kai ni wurin Baba ke nan, wani abokin sana'a ya ce min a tsohuwar na'urar nan kowane aiki da aisinsa daban, kana iya nuna shi da yatsa.

Na'urar dai IBM 5160 ce, wadda aka fi sani da XT, ta fito a watan Maris na 1983, ƙanwar IBM PC ta farko ce mai lamba 5150 wadda ta fito ranar 12 ga Agusta 1981. Injiniyoyin IBM na Boca Raton a jihar Florida ta Amurka sunka haɗa ta farkon ƙarƙashin wani mai suna Don Estridge, kuma mafi ƙarancin kuɗinta a lokacin dala 1,565 ne, ita kuwa XT da ta zo da had disk a ciki dala 4,995 anka sa mata. Baba ya ce hannun 'yan gwangwan ya ƙwace tasa, saura kaɗan su fasa ta don jan ƙarfen ciki. Akwatin ƙarfe ne mai nauyin gaske, ka ɗaga shi sai ka gyara tsayuwa, noti biyar ke bayansa, in ka kwance su sai ka jawo murfin ta gaba ya zame gaba ɗaya. Da anka ɗebe murfin, madabod, babban fanel ɗin da komai ke haɗuwa a kai, na kwance ta hagu, fawa fak na baya ta dama da ƙaton jan makunninsa da ke leƙowa waje, gaba kuma filofi da had disk suna gefen juna, ga 'yar lasifika a kusurwa.

Abin da ya fara burge ni da Baba shi ne bai fara da furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, ba, da wuta ya fara. Ya ce min “yaro, in ba ka san inda wuta ka shiga ba, to duk abin da kaka yi cikin inji lalube na.” Fawa fak ɗin wat 130 ne, na 5150 kuwa wat 63.5 kacal, wanda bai isa ya ja had disk ba, shi ya sa anka ƙara. Wuta iri huɗu yake fitarwa, bolt 5 da 12 na sama da sifili, 5 da 12 na ƙasa da sifili, kuma filogi biyu ke shiga madabod, P8 da P9, ƙa'idarsu baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya, in ka juya su to ka yi ɓarna. Akwai kuma waya guda wadda ba wutar aiki take kai wa ba, saƙo take kai wa madabod cewa wuta ta daidaita, kafin saƙon nan ya iso furosesa na nan a riƙe ba ya motsi. Nan take na tuna da wayoyin da ke kawo wuta a mita amma ba su tashi, ashe tsarin tun can yake. Tashi na'urar irin ta kasuwar Amurka ce mai cin wuta bolt 120, don haka ta sitefdawun yake kunna ta, kuma ya maimaita muna har sau ba adadi cewa duk wanda ya tsinci irin wagga ya duba rubutun bayan fawa fak kafin ya soka ta a soket ɗinmu na 230.

Sannan ya zo kan furosesa. Wani dogon baƙin aisi ne mai ƙafa 40 a kan soket, 8088, ba fanka bisansa ba ƙarfen sanyaya, fanka ɗaya ce tal a duk na'urar kuma tana cikin fawa fak. Wani yaro da ke karatun kwamfuta ya leƙa ya ce Baba ai wanga tambarin AMD ne ba Intel ba, Baba ya ji daɗin tambayar, ya ce zanen na Intel ne amma IBM ba ta yarda ta dogara da kamfani guda ba, sai da anka ba wani kamfanin izinin ƙera irinsa, shi ya sa za ka ishe XT da yawa da 8088 na AMD. Taransisto wajen 29,000 ke cikinsa, gudunsa 4.77 MHz, a cikinsa bit 16 yake aiki amma ƙofar da yake mu'amala da waje bit 8 ce, wanda ya sa sauran kayan madabod sunka yi araha. Layin adireshi 20 gare shi, ma'ana iyakar abin da yake iya gani megabait 1, daga ciki IBM ta ware 640K na ram, wurin da na'ura ke aje abin da take aiki a kai, sauran ta bar wa bayos, umarnin farko da ke tada na'ura, da katin hoto da makamantansu. Kusa da shi akwai soket irin nasa wanda ba komai a kai, wurin 8087 ne, aisin lissafi da mutum ke saye daban in yana aikin da ke buƙatar lissafi mai nauyi.

Daɗin abin a wurina shi ne tazarar ƙafafun, milimita 2.54 tsakanin ƙafa da ƙafa, bakin mita na zama daram ba ka buƙatar madubin ƙara girma ba ka buƙatar riƙe numfashi. Baba ya miƙo min mita ya ce aza baƙi ga ƙafa ta 20, ja ga ta 40, na aza na ga bolt 5. Ya ce koma ga ta 21, ya kashe ya kunna, na ga ta hau sannan ta faɗo, ya ce to riset ke nan ka gani da idonka, daga wanga lokaci furosesa ya tafi wani adireshi can ƙarshen megabait ɗin, FFFF0, ya ɗauko umarninsa na farko daga bayos. Wallahi na daɗe ina jin kalmar riset ina faɗinta ga kwastoma amma ranar na fara ganinta tana faruwa bisa ƙafa guda da zan iya taɓawa.

Ƙafa ta 19 kuma nan bugun agogo ke shiga. Ya nuna muna wani ɗan gwangwani mai sheƙi, kiristal, an rubuta 14.31818 a jikinsa, da wani ƙaramin aisi 8284 da ke raba wagga lamba gida uku, sai ta ba da 4.77 ɗin nan. Dalilin zaɓen lambar ma abin sha'awa ne, in ka raba ta gida huɗu tana ba da 3.58, wadda ita ce ake buƙata don launi a tsarin talabijin na Amurka, wato da kiristal guda sunka ciyar da furosesa sunka kuma ciyar da katin launi don a rage kuɗi. Gudun kwamfutar da ta mamaye ofisoshin duniya ashe daga talabijin anka samo shi.

Ram kuwa ba sanda ba ce irin wadda munka saba turawa ta yi ƙas, ƙananan aisi ne jere huɗu, kowane jere guda tara, 36 ke nan, kowane ɗaya mai lamba 4164, jere ɗaya 64K, duka 256K. Baba ya tambaye mu, bait bit takwas ne, to na taran mi yake yi? Ba wanda ya amsa. Ya ce mai gadi na, duk bait ɗin da anka rubuta ana ƙirga bit nawa ne ke kunne a ajiye shaida a na taran, in an zo karantawa lissafi bai yi daidai ba sai na'ura ta tsaya cak ta rubuta PARITY CHECK, gara ta tsaya da ta ba ka lissafin ƙarya. Sai ya yi abin da shi kaɗai ma ya isa dubu biyar ɗin, ya kashe na'ura, ya sa bakin sukudireba a hankali ya ɗaga aisi guda daga jere na baya, ya kunna, munka ga tana ƙirga ram a kusurwar sikirin sai ga lambobi da 201 a ƙarshe, ya buɗe littafi ya nuna muna yadda lambobin farkon ke gaya maka jeren da kuma aisin da ke da matsala. Ya mayar, ya cire ɗaya daga jeren farko, ya kunna, shiru, fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin kamar ba rai. Ya ce to kun gani, cuta ɗaya ta, amma alama biyu, don bayos na buƙatar jeren farko kafin ma ya iya tada katin hoto ya yi maka ƙorafi. Mu da ke yanke wa fanel hukuncin mutuwa da zarar ya ƙi nuna hoto, wanga darasi namu ne kai tsaye. Ya kuma ce da yawan irin waɗannan na'urori ba abin da ya same su illa zafi da sanyi da ke sa aisi ya riƙa ɗagowa daga soket a hankali, ka bi su da babban yatsa ka danna sai ka ji suna komawa.

Wani abin da ban taɓa ba muhimmanci ba shi ne irin wanga ram mantuwa gare shi, kowane bit ɗan cajin wuta ne da ke tsiyayewa, sai an riƙa bi ana sabunta shi. A XT kana ganin masu yin aikin, 8253 mai ƙirga lokaci yana taɓa 8237, aisin da ke iya shiga ram ba sai ta hannun furosesa ba, kusan duk bayan kashi 15 cikin miliyan na daƙiƙa, shi kuma 8237 ya karɓe hanya daga furosesa na ɗan lokaci ya bi layin ram. Shi dai 8253 ɗin hannu uku gare shi, ɗaya na wanga aiki, ɗaya na buga agogon na'ura sau 18.2 a daƙiƙa, na ukun shi ke sa lasifika ta yi ƙara.

Inda zaman ya fi daɗi shi ne lokacin da ya ce mu bi harafi guda tun daga yatsa har sikirin. Kibod ɗin kanta abin kallo ce, maɓalli 83, F1 zuwa F10 suna gefen hagu jere biyu, ƙasanta ƙarfe, kowane maɓalli da sifirin a ciki da ke lanƙwashewa ya ba da ƙara, kuma ita ma da ƙaramar ƙwaƙwalwarta a ciki, Intel 8048. Ka danna A, 8048 bai san wani A ba, lambar mazaunin maɓallin yake aikawa, 30, in ka saki ya aika 158. Lambar ta biyo waya bit bayan bit ta shigo ta zagayayyen filogi mai ƙafa biyar, wani ƙaramin aisi ya tara ta ta cika bait, ta zauna bakin aisi 8255, inda furosesa zai zo ya ɗauke ta, tana jira. To wa zai gaya wa furosesa? Nan Baba ya aza yatsa bisa 8259 ya ce “wanga shi na sarkin ƙofa, awa na fada, kowa da buƙata tai amma ba ka faɗa wa Sarki kai tsaye, shi ka duba wa ya fi gaugawa ya shigar da shi.” Ƙofa takwas gare shi, 0 ta agogo, 1 ta kibod, 6 ta filofi, kuma mai ƙaramar lamba shi ke riga shiga. Furosesa ya aje abin da yake yi, ya tafi bayos, bayos ya duba ko an riƙe shif, ya mai da 30 ta koma 65 in babban baƙi ne ko 97 in ƙarami ne, daga nan a rubuta lambar cikin ram ɗin katin hoto. Katin nashi na monita mai koren rubutu ne, 4K kacal ke kansa, kuma Baba ya sa munka yi lissafin da kanmu, layi 25 kowane layi harafi 80 ya ba da 2,000, kowane harafi bait biyu, ɗaya na harafin ɗaya na yanayinsa, ko mai haske ko mai ƙyaftawa ko mai ja-layi, 4,000 ke nan. Sai aisin Motorola 6845 da ke bisa katin ya riƙa bin wanga ram yana ɗauko siffar kowane harafi daga wani rom, aisin da abin da ke cikinsa ba ya gogewa, ana zana shi da ɗigo 9 a faɗi 14 a tsaye. Duk tafiyar nan da yatsa ya bi ta bisa bod muna kallo, daga aisi zuwa aisi, kuma ina rantsuwa ko a bidiyo ban taɓa ganin wanda ya warware min ita haka ba.

Ramukan kati takwas ne a XT, biyar a 5150, kowane rami ƙafa 62, kuma kusan komai kati ne, hoto kati, filofi kati, had disk kati, siriyal kati, madabod ita kanta kibod kawai ke shiga jikinta ta baya. Babu wani shiga setin da danna F2 ko Del, wasu 'yan ƙananan makunnai takwas ne a jere cikin ɗan akwati, da bakin biro kake tura su ka gaya wa na'ura filofi nawa gare ka, wane irin monita, ram nawa ke bisa bod, akwai 8087 ko babu. Babu batir kuma, don haka duk kunnawa DOS, manhajar da ke tafiyar da na'urar, sai ta ce maka yau Talata 1 ga Janairu 1980 ta nemi ka gyara. Sai a IBM AT ta 1984 mai furosesa 80286 anka sa agogo mai batir bisa madabod.

Filofin na Tandon ne mai cin faifan inci 5.25, 360K, gefe biyu, zobe 40 kowane gefe, yanki 9 kowane zobe, bait 512 kowane yanki. Ya juya shi ya nuna muna bel da wani faifan ƙarfe a ƙasa mai zanen baƙi da fari zagaye biyu, ɗaya an rubuta 50 ɗaya 60, ya ce in ka haska shi da doguwar fitilar nan ta ofis yana juyawa, in gudun ya yi daidai 300 a minti za ka ga zanen ya tsaya cik, mu nan na 50 muke kallo don wutarmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa. Wato ma'aunin gyaran na jikin abin tun daga kamfani. Had disk ɗin Seagate ST-412 ne, megabait 10, hoto biyu ko uku na wayar yanzu sun cika shi, girmansa daidai da na filofin, da faffaɗan waya biyu mai ƙafa 34 da mai ƙafa 20. A nan ne ƙorafina na farko, ba ya aiki, yana juyawa ka ji ƙararsa amma 1701, lambar matsalar had disk, na'ura ke rubutawa, don haka daga filofi ake tada ta kuma bayanin had disk duk da baki anka yi shi, ya kamata a gaya wa mutum haka tun kafin ya biya.

Ya kuma yi bayanin cutar da ta fi kama waɗannan na'urori, wasu 'yan ƙananan kafasita na tantalam masu ƙafa uku, in sun tsufa sukan yi shot, galibi a layin bolt 12, ka kunna fanka ta motsa kaɗan ta tsaya don fawa fak ya kare kansa, wani lokacin ma ɗaya ya fashe da ƙara da wari. Hanyar nemansa irin tamu ce, cire kati ɗaya ɗaya, cire wutar filofi da had disk, aza mita bisa layin ka ga inda ya faɗi. Ya nuna muna tabon inda wani ya taɓa ƙonewa da wanda ya sa a madadinsa, kuma dalmarsa tsaf take, hannun tsohon ma'aikaci.

Sai littafin da yake ta buɗewa, kwafi ne na littafin da IBM da kanta ta buga ta sayar wa kowa, da zanen kowace waya da ke madabod da kuma rubutun bayos layi bayan layi. Wanga abu ya tsaya min a rai ƙwarai, mu yau sai mun biya kuɗin wata wata a dala kafin mu ga zanen fanel ɗin wayar da mai ita ya saya da kuɗinsa, wani ma ba ka samu sai wanda anka sato. Buɗewar nan da kuma kasancewar kayan duk na kasuwa ne ita ta ba wasu damar yin irinta, Compaq ta fito da tata a 1983, Phoenix ta fara sayar da bayos nata a 1984, daga nan na Taiwan sunka cika duniya, kuma kwamfutar tebur da ke ofishinka yau daga wanga gida ta fito. Baba na ganin IBM ta yi asara da hakan, ni kuwa ina ganin masu gyara irinmu ba a taɓa yi muna gata irin wannan ba.

To bari in zo ga abin da bai yi min ba. Shagon ƙarami ne ƙwarai, ga tsoffin monita da firinta jibge har rufi, mutum shida in sun zagaye tebur na bayan sai ya yi ɗage, kuma kun san zafin Sakkwato, fanka ɗaya ce, in an ɗauke wuta a koma janareta to sai a kashe ta don sitefdawun da monita su samu. An ce bayan la'asar amma ba a fara ba sai da rana ta yi sanyi sosai don yana sallamar kwastomomi, ga shi ana kiran magariba dole a tashi, sai ƙarshen bayanin ya zo a gurguje, katin siriyal ma ɗaga shi kawai ya yi ya aje. Baba na da labari, in ya shiga zancen yadda sunka yi aiki a ofisoshi zamanin da sai an ja shi ya dawo, labaran na da daɗi amma lokacin da mutum ya biya ne ke tafiya. Babu takarda ko guda da ake ba ka ka tafi da ita, in ba ka rubuta ba ka rasa. Babu na'urar ganin bugun wuta a sikirin, don haka agogon 4.77 da saƙon kibod ji munka yi ba gani ba, da akwai ta da darasin ya ninka. Kuma abin da ya fi damuna, ba ya ɗaura abin sauke wutar jiki a hannu kuma bai sa kowa ya ɗaura ba, taɓa ƙarfen akwati kawai yake yi, a garin da iskar hunturu ke sa ka taɓa ƙofar mota ta ja ka. Na yi mai magana cikin ladabi na ce Baba yaran nan abin da sunka gani shi za su ɗauka, ya ce in sha Allah zai nemo, ina fatan ya nemo ɗin don in aisi guda ya tafi a wagga na'ura ba a Sakkwato za a same shi ba.

Akwai abin da wasu sunka yi gunaguni a kai amma ni ina bayansa, ya ƙi buɗe fawa fak kuma ya ƙi buɗe monita, ya ce irin monitan nan mai ƙaton baya na riƙe wuta mai dubban bolt ko bayan an zare shi daga soket, ba abin da za a koya wa mutum a tsaye cikin cunkoso ba ne. Gaskiyarsa. Haka kuma ba kowa yake bari ya sa hannu ba, sai ya tambaye ka sana'arka ya ga yadda ka riƙe mita, wata ɗaliba da ta zo da yayanta ta fi mu duka tambaya mai ma'ana kuma ita ya ba ta mayar da katin hoto, ta mayar daidai.

Ɓangaren gyaransa na yau da kullum kuwa, kwamfutar tebur da firinta da fawa fak ya fi ƙwarewa a kai, laftof yana taɓawa, waya ba ya karɓa sam. Ba ya tsawwala kuɗi kuma yana mayar maka da abin da ya cire, amma ba shi da sauri, mai gaggawa ya nemi wani wuri.

Wanda ke son ya koyi saka Windows ko filashin ko abin da zai fara samun kuɗi da shi gobe, wanga zama ba nashi ba ne, zai ga kamar an ɓata mai yamma. Amma mai gyaran da ya gaji da canje-canjen aisi a makance, da ɗalibin da ya haddace zanen furosesa da ram a allo bai taɓa ganinsu a fili ba, da malamin da ke koyar da kwamfuta a sakandare, ku je. Ku tafi da mitarku da littafin rubutu da ruwan sha, ku isa da wuri ku kama gefen tebur na hagu don nan madabod take, kuma ku roƙe shi tun farko ya yi gwajin cire ram da bin harafin A kafin labari ya ɗauke shi. Masu aiki a ma'aikatu da makarantu kuma, in akwai irin waɗannan tsoffin akwatuna a sito ana shirin kiran 'yan gwangwan, don Allah a bi hanyar da ta dace a kai mai ko kati guda ne, yanzu haka katin had disk da faifan filofi masu rai yake nema, kuma ya ce in ya samu kibod ɗin da ta dace da ita akwai wata kwamfuta mai furosesa 80286 a ƙarƙashin tebur da zai buɗe a zama na gaba.